Littafin Nutso da Butar Alwala

Zuwa ga 'yata Ramatu, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a jirgi, Ya kuma tsare ki a wurin nan da har yanzu bakina ke jin nauyin faɗa, wato ƙarƙashin teku. Ki gai da gwaggonki da ta ba ki masauki a unguwar Morrisania. Ki ce mata duk maganar da take yi a kaina ta iso ni, kuma ban ce ta yi ƙarya ba.

Uwarki ce ke riƙe da biro, ni ke magana, tunda kin san ban taɓa zama a aji ba. Ta ce a sa kwanan wata a sama. Na ce ta rubuta haka: shekara ashirin da ɗoriya ke nan tun ranar da aka ɗauke wuta a New York gaba ɗaya, jiragen ƙasa suka maƙale cikin rami, na tako da ƙafa tun daga Canal Street har gida a Grand Concourse da buhun lema a kafaɗa, na iske ta zaune a bakin bene tana fifita da kwali, cikinki ya tsufa. Ba a daɗe ba kika faɗo duniya. Ranar nan na ɗauka na gama ganin abin mamaki a garin nan. Ashe babban yana cikin uwarki, yana jiran ya girma.

Na san karatun Hausa zai ba ki wuya. Ki karanta da ƙarfi, bakinki yana motsi. Abin da idonki bai gane ba kunnenki zai gane, don da shi aka yi miki reno.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba tun Juma'ar nan da kika ajiye mini waya kusa da kwanon tuwo kika ce, "Baba, duba." Na duba. Na ga ruwa shuɗi, ba sama ba ƙasa. Na ga kifaye kala-kala kamar an baje atamfa a kasuwa. Sai ga wata halitta baƙa wuluk, da tukunyar ƙarfe a baya, ƙafafu irin na agwagwa, kumfa na tashi daga bakinta. Na ce, "A'uzu billahi, wannan kuma wane irin aljanin ruwa ne?" Kika yi dariya, kika ce da Turancinki ai ke ce. Halittar ta ɗago hannu, yatsu a baje, yadda kike yi mini ta taga tun kina ƙarama in zan fita aiki. Na mayar da lomar cikin kwano.

Shekara da shekaru kina cewa karatun teku kike yi. Ni na ɗauka karatun teku a ɗaki ake yinsa, da farar riga, a zuba ruwa a kwalba a leƙa. Haka nake faɗa wa mutane a masallaci, har da ɗaga kafaɗa. Ashe shiga kike yi! Kuma uwarki ta sani. Ta ce in cire wannan maganar. Rubuta, Hajiya, gaskiya ce. Abu guda kawai na rasa ta cewa a kai: tun daga kanki har ƙafa a rufe kike, ko silin gashi bai leƙo ba.

Ban gama farfaɗowa ba kika ƙara mini wata. Wai kin sami aiki a wasu tsibirai can kudu, jibi-jibin nan za ki tafi, daga nan ma za a riƙa kai ki wasu ƙasashe, kuma aikin shuka murjani ne. Na ce, "Murjani? Wanda kakarki Mma take ɗaurawa a wuya ranar sallah?" Kika ce danginsa ne, kuma mai rai ne, yana ci, yana ciwo, zafin ruwa yana kashe shi, ana yanko reshensa a dasa kamar rogo. Na haura saba'in ina tsammanin dutse ne. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma masu maganar ba su yi lissafin yaron da zai nutse ƙasan teku ba.

Daga nan kin san abin da ya fito daga bakina. Na ce wallahi in kika tafi ba zan raka ki ko bakin ƙofa ba. Kika ajiye cokali. Ke da kullum nake miki Hausa kina mayar mini da Turanci, ranar da Hausa kika amsa: "To, Baba. Allah Ya huci zuciyarka." Kika ɗauki jakarki kika fita. Hausar nan ta fi duk wani Turanci zafi.

Kwana nawa ban ambaci sunanki ba, uwarki ma ta daina yi mini magana sai da ƙarar tukunya. Rannan tana gyara ɗakinki ta fito da wani abu ta jefa mini a cinya. Littafi ne, ko in ce da can littafi ne. Ya kumbura kamar burodin da ya faɗa miya, gefensa ya yi funfuna, wayar da ta ɗaure shi ta yi tsatsa. Ta ce, "Ga littafin 'yarka. Duk inda ta je ta shiga ruwa, nan take rubutawa. In ba ta nuna shi ba, ba a yarda ta iya ba. Ya cika, ya lalace, ta ce sai ta sayi wani a filin jirgi."

A filin jirgi! Ni ban iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, amma na san ruɓaɓɓen kaya in na gan shi. Na ce fushi daban, ciniki daban. 'Yar mutumin da ya shekara talatin yana sayar da lema a Canal ba za ta tafi uwa duniya da kayan filin jirgi ba, a ce wane bai san abin da ruwa ke yi wa kaya ba.

To ga kuskurena na farko, kuma ba tsoho ba ne, na satin nan ne. Na kira abokina Alhaji Issaka, baban nan naki ɗan Damagaram mai tasi, muka sauka Canal. A wani shago na ga littafi mai bangon fata, ja, da ruwan zinariya a gefe, da hoton jirgin ruwa a gaba. Na shinshina, fata ce ta gaske. Issaka ya ce, "Alhaji, wannan ko gwamna aka ba sai ya yi godiya." Na saya ina jin daɗi, har ina tunanin in sa a ɗinka masa gafaka irin ta Alƙur'ani.

Da na dawo gida sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tara ruwa a baho, na juye gishirin uwarki duka a ciki, na tsoma littafin. Uwata, kafin in gama istigfari ruwan ya koma ja kamar an yanka kaza. Takardun suka zama koko. Fatar ta yi laushi, da ta bushe kuma ta murɗe kamar ganda. Uwarki ta leƙo ta ce, "Gishirina fa?"

Abin kunyar shi ne na taɓa cin wannan tuwon. Farkon zuwana Canal na sari lema masu kyan gaske, kan hannunsu na ƙyalli, araha kamar kyauta. Ruwan farko da ya zo da iska duk suka kife, suka koma kwando. Wata mata ta dawo a jiƙe sharkaf ta miƙo mini ƙarafan a hannu, ta juya ta tafi. Tun ranar duk lemar da zan sara sai na buɗe ta na kwarara mata ruwan butar alwalata, na girgiza ta da ƙarfi. 'Yan sari suka sa mini suna Mai Buta. Sai ga shi da tsufana ja da zinariya sun sake ruɗa ni. Saboda haka ki ji: duk abin da za ki shiga ruwa da shi, littafi ne, tukunyar iska ce, gilashin fuska ne, ko mutum ne, kada kyansa ya sa ki yarda da shi. Ki bari ruwa ya ba ki shaida tukuna.

Washegari Issaka ya ce ya taɓa sauke fasinja a wani shago na masu nutso a Manhattan. Muka je. Na shiga na ga rigunan roba baƙaƙe rataye kamar an feɗe mutane an shanya fatunsu, sai da na yi salati. Mai shagon wani tsohon Bature ne, rana ta gasa masa fata kamar kilishi. Na ce masa da guntun Turancina ina son littafin da mai nutso ke yawo da shi ƙasa-ƙasa. Ya jero mini su a kan tebur. Na zuge jakata na ciro buta.

Issaka ya riƙe mini hannun riga. "Alhaji, don girman Allah kada ka kunyata mu. Nan ba Canal ba ce."

Na ce, "Sake ni. Kai da ka tashi inda ruwa sai a salka, me ka sani game da ruwa?"

Ya ce, "Kai da ka tashi bakin tafki, ka iya iyo? Ko a baho sai Hajiya ta tsaya maka gadi."

Na rabu da shi na ce wa Baturen, "Ka yarda da kayanka? In ya lalace na biya, in ya tsira na saya." Ya dubi butar, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana dafa tebur. Ya shiga ciki ya fito da bokiti. Ya ce shekararsa nawa a shagon, ba wanda ya taɓa zuwa da nasa ruwan.

Na farko ya sha ruwa nan take, na biya kuɗinsa ban yi gardama ba. Na biyu ruwa ya zame a kansa kamar bayan agwagwa, har na ce shi ke nan, sai na ga zobban da suka riƙe shi na ƙarfe ne. Na tuna naki mai tsatsa na ture shi. Na ukun shi ne wanda yake gabana yanzu. Takardarsa ba takarda ba ce sosai, wata irin roba ce, na ja da ƙarfina ba ta yage ba. Zobbansa na roba ne, ana buɗe su a ƙara shafi in ya cika, ba sai kin yar da tsohon ba. Akwai aljihu a ciki na katin shaidarki, akwai taswira a baya inda za ki riƙa yin alamar ƙasashen da kika taka. Akwai baƙi da shuɗi da ruwan ɗorawa. Na ɗauki ruwan ɗorawa. Na san za ki ce ba shi da kyau. Baƙin abu in ya faɗa ƙasan kwalekwale ba ya ganuwa, wannan kuwa ko makaho ya laluba ya same shi.

Baturen ya yi rubutu da biro a shafi, na zuba ruwa, na goga da yatsa, rubutun ya bi ruwa. Ya yi da fensir, na zuba, na goga, yana nan daram. Ka ji ikon Allah, abin da yara ke taunawa ya fi biron manya. Na saya miki fensir, na huda gindinsa, na ɗaure shi da igiya a jikin zoben. Kada ki kwance. Kin gaji yar da abu daga wurin uwarki. Ta ce daga wurina ne. Rubuta yadda na faɗa.

Sai na ce ya karanta mini abin da layukan ke tambaya, Issaka yana cike mini inda Turancina ya ƙare. Ya bi da yatsa: sunan ƙasa da wurin, ranar, zurfin da aka kai, daɗewar da aka yi, iskar da aka shiga da ita da wadda aka fito da ita. Ya zo layin ƙarshe ya ce nan kuma sunan wanda kuka shiga tare, shi ma ya sa hannu. Na ce a maimaita. Ya ce a ƙa'idarsu ba a shiga ruwa mutum ɗaya, sai biyu-biyu, kowa na duba kayan ɗan'uwansa kafin a shiga, kowa idonsa na kan ɗan'uwansa har a fito.

Ban san lokacin da na zauna a kan wani akwati ba. Issaka ya ce, "Alhaji, lafiya? Ciwon sukarin ne?" Ba sukari ba ne. Ɗanlami ne.

Kin san sunan, kin ji ina sa shi a addu'a, amma ban taɓa zaunar da ke na ba ki labarin ba. Ƙanena ne, shi ke bi na. Muna Yeji a lokacin, bakin tafkin Volta, shi yana fataucin busasshen kifi, yana ƙetarawa ya bi hanyar Salaga. Tafkin nan dazuka ya cinye, itatuwa na tsaye a ƙarƙashinsa, jirgi in ya hau kan kututture sai dai Allah. Rannan muka yi faɗa a kan babbar rigata da ya sa ya je biki bai tambaye ni ba, ya ɗiga mata manja. Da safe ya ɗaure kayansa ya tsaya a ƙofa ya ce, "Yaya, ba za ka raka ni bakin ruwa ba?" Na ce, "Ƙafarka ce ta karye?" Ko juyowa ban yi ba.

Ranar kasuwa ce, jirage da yawa suka tashi. Ɗaya ya hau itace. A wancan zamani ba mai rubuta sunan fasinja. Ɗanlami bai isa ƙetare ba, bai dawo gida ba, ba a ga gawarsa cikin waɗanda aka tsamo ba. Mma, mai sunanki, tambaya biyu ta riƙa yi mini har ta koma ga Allah: "Wane jirgi ya shiga? Shi da wa?" Da na raka shi da na ga jirgin, da na ga wanda ya zauna kusa da shi, da na sami abin gaya mata. Ban ce da na hana ƙaddara ba. Amma da ta san inda za ta fuskanta in tana masa addu'a.

Tun daga nan na zama abin da kika san ni. Duk wanda ya zo garin nan daga zangon Hausawa na can gida, na riƙe a kaina wa ya ɗauko shi a filin jirgi, gidan wa ya sauka, wa ya bari a gida. In an yi rasuwa ni ake fara kira a tambayi wa za a sanar a Kumasi ko Nima. Mutane na cewa baiwa ce. Tambayar Mma ce nake ta amsawa a kan 'ya'yan wasu. Sai ga shi a shagon Bature an buga ta a takarda, an bar mata layi. Kuma sai ga ni na tsaya a ɗakina na gaya wa 'yata maganar da na gaya wa ƙanena, har na ƙara da wallahi. Wannan shi ya fi hoton wayar girgiza ni.

Don haka layin nan na ƙarshe, kada ki taɓa barinsa fayau. In ba wanda zai sa hannu, ba shiga. In wanda aka haɗa ku mai rawar kai ne, mai son a gan shi, ki ce a canza miki, ko da za a ce kin cika fi'ili. In kun yi faɗa da abokiyar shigarki a kan wani abin banza, ku shirya a tudu kafin ku taɓa ruwa. Kuma kafin ki shiga ki rubuta wurin da sunan, ki ɗauki hoton shafin ki turo wa uwarki, ta karanta mini. Ni zan riƙe.

Na ce zan riƙe, amma bari in gaya miki wata. Ni da nake wa masu takarda dariya, ina cewa kaina ya fi littafinsu, watan jiya aka yi rasuwar wani dattijo mutumin Nima, aka ce Alhaji wa za a kira? Na ba su sunan matarsa da unguwarsu. Liman ya matso ya ce mini a hankali, "Alhaji, ai kai ka sanar da mu rasuwarta bara." Ashe kan mutum ma tulu ne, yana tsufa yana yoyo. Ki rubuta a ranar, kafin ki ci abinci, tun gashinki bai bushe ba. Gobe zurfin zai ƙaru a bakinki, kifin ma zai yi girma.

Kuma gaskiya za ki rubuta. Baturen ya ce akwai masu ƙara wa littafinsu shigar da ba su yi ba don a ɗauke su aiki mai zurfi. Ya ce in mutum ya fito da ciwo, abin da ke shafin nan likita zai nema. Ni na san wannan a jikina. Likita ya tambaye ni sukarin da nake sa wa shayi, na nuna masa yatsa ɗaya, alhali uwarki na zaune tana kallon silin. Ƙarshenta a motar asibiti aka fitar da ni ina ganin mutane bibbiyu. Ya kuma ce ba a tasowa daga zurfi da gaggawa, ba a kuma fitowa daga ruwa a zarce jirgin sama sai jiki ya huta. Na san an koya miki. Ina maimaitawa ne don gaggawa kam daga wurina kika gada, wannan ban musa ba.

Saura riƙon littafin. Kin tuna shekarar guguwar da teku ya hau kan titi ya cika ramukan jirgin ƙasa? Kina firamare. Ina da ma'aji a wani ɗakin ƙasa kusa da kogi, inda nake ajiye lema, kuma don wayona na ajiye tsohon fasfona a can, da hoton Mma guda ɗaya tal a cikinsa, wai kada yara su yaga a gida. Da ruwa ya janye na tsamo shi yana ɗiga. Na kawo gida na ɗora a kan hita, a rufe, na danne da dutsen guga don kada ya lanƙwashe. Da safe ya bushe ƙarau. Na buɗe, hoton ya manne da shafi, na ja, fuskar Mma ta rabu biyu, rabi nan rabi can, sauran ya zama farin gishiri. Ruwa bai gama da ita ba, ni na ƙarasa da gaggawata. Shi ya sa ba ki san fuskar mai sunanki ba sai in kin duba madubi.

To ki ji yadda za ki yi. In ruwan teku ya taɓa littafin, ki ɗauraye shi da ruwan sha, don gishiri ba ya barci, ci yake yi ko bayan ya bushe. Ki buɗe shi ki tsayar a inuwa, inda iska ke wucewa. Kada ki sa a rana, kada ki kusanta shi da wuta, roba ce, za ta murɗe. Kada ki ƙulle shi a leda yana da danshi, abin da ya kashe na farkon ke nan, na shinshina na ji. Kada ki haɗa shi da jiƙaƙƙen kayan nutso a jaka ɗaya. In za ki hau jirgin sama ki sa shi a jakar hannu tare da fasfo, akwati na iya tafiya wata ƙasa ya bar ki. Kuma duk shafin da ya cika ki ɗauki hotonsa. Da hoton Mma biyu ne, da yau ina da ɗaya.

In kin dawo hutu, ki zo da shi ki zauna nan inda uwarki ke zaune, ki karanta mini shafi-shafi. Ki gaya mini sunan kowane ruwa da wanda kuka shiga tare. Abin da ya rage a tulun zan zuba su a ciki.

Maganar rantsuwa kuma, na je wurin liman. Na ce masa ni tunda nake ban taɓa janye magana ba. Ya ce, "To yau ka fara. In mutum ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi alherin ya yi kaffara." Na ce ba wata hanya? Ya ce, "Akwai, ka zauna da taurin kanka ita kuma ta tafi." Jiya uwarki ta dafa shinkafa da wake babbar tukunya, na kai wa mabuƙata goma da hannuna. Issaka ya miƙo kwano wai shi ma miskini ne, na ce ya bari sai ranar da ya sayar da tasin.

Kada ki ɗauka na daina jin tsoro. In na rufe ido halittar nan nake gani tana ɗago mini hannu, ruwa a samanta kamar tsawon bene. Ban gane abin da zai sa mutum ya bar iskar da Allah Ya ba shi kyauta ya je yana shaƙar ta tukunya ba, kuma ba na jin zan gane. Amma na yafe miki ɓoyon da kika yi mini, ke ma ki yafe mini abin da bakina ya faɗa. Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya sa ki shiga lafiya ki fito lafiya, Ya haɗa ki da abokan shiga masu amana, Ya raya abin da kike dasawa. Wanda Ya fitar da Annabi Yunusa daga cikin kifi, Shi na bar wa ajiyarki, ajiyarSa ba ta ɓata. Uwarki na gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji, kuma in biya ta gishirinta.

Za ta kawo miki takardar nan da yamma. Littafin kuwa yana hannuna, don gwaji ɗaya ya rage. Ruwan buta na famfo ne, na baho ko na gwada a ciki ni na haɗa shi, ban yarda da shaidarsu duka ba sai na ji daga bakin mai abin. Shekara talatin ina hawa jirgin ƙasa mai lamba D ina sauka a Grand Street, an ce in mutum bai sauka ba har bakin teku yake kai shi, Coney Island. Ban taɓa zarcewa ba, da gangan. Gobe in Allah Ya kai mu, in na idar da asuba, zan sa littafin a aljihu in hau, ba zan sauka ba sai ƙarshen layi. Zan cire takalmi, in naɗe wando, in shiga har idon sawu, in tsoma shi. Rabona da taka ruwan da ba a kwano yake ba tun Yeji.

An ce a ƙa'idarku ba a shiga mutum ɗaya. Zan tsaya a kan yashi da fensir a hannu in jira. In kin zo, ki rubuta shafin farko, ki nuna mini layin ƙarshe in dangwala.

Ni ne ubanki,
Alhaji Mai Buta